Shirun Shamsiya

A shekarar da yajin aiki ya rufe makarantun Tawa, akwai wani saurayi ɗan Bambeye mai suna Sadiƙu, ɗan ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Allah ya ba shi kan lissafi, amma bai ba shi gane habaici ba. Magana yadda aka faɗe ta haka yake ɗaukarta, hayaniyar kasuwa kuwa sai ta sa ya toshe kunnuwa yana kaɗa jiki. Shamsiya 'yar Malam Isufu tela ce, ajinsu ɗaya. Masu zuwa zance ba su yi mata kaɗan ba. Wanda zai faɗa mata gaskiya ba ado, shi ta rasa.

Ran nan ta koma lise ɗauko littafin da ta manta, sai ta tarar da shi zaune shi kaɗai a aji.

"Kai, ba ka ji ana yaji ba? Mi kake jira?"

"Yau Talata, ƙarfe takwas lissafi ne," ya ce, idonsa na kan allo. "Ba a goge jadawali ba."

Ta yi niyyar dariya, sai ta fasa, ta zauna. Daga ranar ya riƙa koya mata lissafi a zauren babanta, ita kuma tana warware masa maganar mutane. Ta sa masa suna Agogona, don ba ya makara. Shi kuma da ya yi kwana uku yana tunani, ya ce ita ce Ƙamusunsa.

Da ya ci bak, jarrabawar gama lise, aka ba shi gurbi a jami'ar Yamai, tsoro ya kama shi. Shamsiya ta zauna ta rubuta masa komai dalla-dalla: inda mota ke saukewa, yadda ake zama ɗaki da baƙo, da audugar da zai sa a kunne in ɗalibai sun tashi bore.

"In na ɓace fa, Ƙamusuna?"

"Ka tsaya wuri guda, ka tambayi tsohuwa. Tsohuwa ba ta gaggawa."

Kafin ya tafi, kawunsa ya zo nema masa aurenta. Innarta Hajaratu ta ƙi.

"Yaron da ba ya ƙarasa gaisuwa? Wanga ai iska ke gare shi. Ga Muktari dillalin shanu, mutum cikin mutane!"

Malam Isufu ya ce ba zai yanke ba sai ya ji daga bakin yarinya. Ya kira ta zaure, Sadiƙu na zaune gefen keken ɗinki.

"Shamsiya, kina son shi?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai, kamar yadda kowace 'yar mutunci take yi gaban uba. Malam Isufu ya yi murmushi.

"To, mun ji."

Sadiƙu ya tashi, ya yi godiya, ya fita. Washegari ya hau mota.

Wata biyu ba wasiƙa, ba saƙo. Hajaratu ta ce ai ta faɗa. Mutanen Muktari suka yi ta sintiri, har Malam Isufu ya ce wa 'yarsa ba zai tilasta mata ba, amma in salla ta wuce ba labari, zai ɗauka yaron ya janye. Shamsiya ta yi kuka ya ishe ta, sannan ta ba wani direba takarda mai layi ɗaya: "Agogona, laifin me na yi da ka makara haka?"

Bayan kwana tara amsa ta zo.

"Ƙamusuna, ba ki yi laifi ba. An tambaye ki ko kina sona. Na jira, na ƙirga har sittin, ba ki ce komai ba. Baba ya ce mun ji, ni ban ji ba. Na san wanda aka ƙi bai kamata ya dami mutane ba, shi ya sa ban rubuto ba. Ina sa audugar. Na ɓace sau biyu, na tambayi tsohuwa. Abinci ne ba ya ciyuwa. Sadiƙu."

Takardar ta jiƙe a hannunta. Duk maganar da ta fassara masa, ba ta taɓa gaya masa shirun budurwa yarda ce ba, don ba ta san abin faɗa ba ne. Ta karanta wa iyayenta takardar daga farko har ƙarshe.

"Wata biyu shina ɗauke da wanga ciwo, bai zagi kowa ba," Hajaratu ta ce a hankali. "Malam, aika a kira shi."

Ya zo hutun salla, ya rame. Aka koma zauren nan, Hajaratu na bakin ƙofa. Malam Isufu ya sake tambaya, kalma bayan kalma. Kunya ta kama Shamsiya, amma ta sauke mayafin.

"Baba, ina son shi. Sadiƙu, kai nake so."

"Na ji," Sadiƙu ya ce. Hawaye na zuba, bai share ba.

Bayan damina aka ɗaura aure. Hajaratu da kanta ta sallami makaɗa da wuri saboda kunnuwan surukinta. Dattawa suka shafa fatiha, suna Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa albarka a karatu da zuri'a.

A hanyar Yamai, Shamsiya na kusa da shi a mota, ya juyo ya ce yanzu ya gane shiru wani lokaci "e" ne, amma shi ba zai taɓa iya rarrabewa ba.

"Ba sai ka iya ba, Agogona," ta ce. "Ni zan riƙa faɗa."