Ranar da Aka Ji Auta

Wayyo Auta! Tana tsaye cikin akwatin kotu, hannayenta na ta kai da komo a iska, hawaye sun jiƙa mata wuyan riga, amma duk ɗakin nan babu mai gane abin da take faɗa sai baffanta. Kurma ce tun haihuwa, ga maraici, ba uwa ba uba. Abin da aka bar mata a duniya shagon ɗinkin mahaifinta ne kawai, shi ma ya ƙone ƙurmus har wutar ta lashe na maƙwabci, aka ce wai ita ta cinna. A ƙaramar kotun nan kuwa an saba, in an kawo kurma sai a kira wani nasa ya yi tafinta. Baffa ya gyara hula ya fito yana matse idon da babu ko ɗigo a ciki.

"Ranka ya daɗe, ta ce ita ta yi, a yi mata sassauci, yarinta ce."

Innalillahi! Ita kuwa baiwar Allah rantsuwa take yi cewa ba ita ba ce! Aka rubuta ta amsa laifi, aka wuce da ita gidan yari jiran hukunci. Can ta rame ta lalace, zazzaɓi ya kayar da ita, dangi ko leƙe... kullum sai ta ɗaga hannu sama tana kai ƙara wajen Wanda ba ya buƙatar tafinta.

Ranar hukunci Baffa ya iso da sabuwar riga, bakinsa har kunne. Alƙali ya dube shi ya ce, "Malam, koma ka zauna. Babbar kotu ta yanke a wata shari'a cewa tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a ji shi da gaske. Daga yanzu ɗan uwa ba ya tafinta, sai wanda ba ruwansa da maganar, kuma sai ya yi rantsuwa. Dole mu bi. Abin da aka rubuta a baya ya rushe."

Sai ga wata malamar makarantar kurame ta shigo, ta yi wa Auta sallama da hannu. Auta ta daskare... sannan ta fashe da wani irin kuka da ya sa har ɗan sandan kotu ya juya baya. Hannayenta suka shiga zuba, malama na faɗa da ƙarfi.

"Ta ce ta ga baffanta yana loda kekunan ɗinki a mota, sannan ya watsa fetur. Ta ce kekunan na garejin surukinsa."

"Ƙarya ne! Mahaukaciya ce!" in ji Baffa, gumi na tsiyayo masa.

Aka tura 'yan sanda, suka dawo da kekunan reras. Mugu, azzalumi, mai cin amanar marainiya! Nan take aka sa masa ankwa, alƙali ya wanke Auta tas, ya ce ta tafi gida.

Amma ta ƙi fita daga akwatin, ta sake ɗaga hannu. Malama ta fassara.

"Ranka ya daɗe, ta ce akwai wata kurma a ɗakinsu na gidan yari. Ita mijinta ne ya yi mata tafinta."

Alƙali ya cire tabarau ya share ido, ya juya ga magatakarda.

"A kawo mini ita gobe da safe."