Ƙayar da Hajja Ba Ta Ji Ba

Ku matso kusa, yara. Yau Gafasa za mu je, can ƙasar Ajingi, gidan su wani yaro mai suna Zunnuraini.

Zunnuraini ɗan aji biyar ne a firamare. Yaro ne mai kirki, sai dai akwai rawar kai. In ya ji ana buga ƙwallo a waje, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye.

A duk gidan babu wanda yake so kamar kakarsa, Hajja Batula, wadda ta haifi babansa. Kullum cikin tsokanar juna suke, irin ta kaka da jika. Ba ta kiransa da sunansa, sai dai "Maigida".

"Maigida, yau ma babu cefane?" in ji Hajja.

"Sai kin sake haƙora tukuna. Wa zai sayo nama ya ba wadda ba ta iya taunawa?"

"Ja'iri! Zo nan in ja kunnenka."

Sai su yi ta dariya.

To, Hajja tana da ciwon suga, kuma ya daɗe a jikinta. Idonta ya yi rauni, sunkuyawa ma tana yi mata wuya. Saboda haka wata rana babansa, Malam Kashim, ya kira shi.

"Zunnuraini, ga aikinka. Kullum kafin magariba, tun da sauran haske, ka wanke wa Hajja ƙafa. Ka duba tafin, ka duba tsakanin yatsu. Takalminta ma ka juya ka duba. A asibiti suka ce a riƙa yi."

"To, Baba."

Da farko yaro ya riƙe aiki da kyau. A nan ne ya gano wani abin mamaki. In ya yi wa Hajja cakulkuli a tafin ƙafa, ko motsi ba ta yi. Sai ya je yana yi wa abokansa alfahari.

"Kakata jaruma ce! Ko garwashi ta taka ba za ta ce wash ba."

Kai, yaro yaro ne. Shi a ganinsa rashin jin zafi ƙarfi ne.

Aka shiga lokacin cirar gyaɗa. Hajja ba ta iya zama a gida ana aiki. Kullum sai ta sa silifas ɗinta ta bi mutanen gida gona, ta zauna a inuwa tana tsinke gyaɗa. A daidai lokacin ne kuma yaran unguwa suka fara gasar ƙwallo da yamma, Zunnuraini ne mai tsaron gida.

Ran nan ya leƙo daga bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje.

"Hajja, ƙafa lafiya?"

"Lafiya lau, Maigida. Babu abin da ke min ciwo."

Ya ce a ransa, "Ai mai ƙafa ta fi kowa sanin ƙafarta." Ya zuba da gudu.

Da ya dawo, Baba ya tambaye shi, "Ka duba Hajja?"

"Na duba."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Tun yana jin nauyin faɗar, har bakinsa ya saba.

Wata safiya Hajja ta ce ya miƙo mata takalminta. Yana ɗagawa ya ga wani baƙin tabo a ciki. Ya juya shi. Ga ƙayar aduwa ta huda shi daga ƙasa, tsininta ya ɓullo ta sama. Ya ajiye takalmin.

Ya durƙusa ya ɗaga ƙafar Hajja. Innalillahi! Tafin ya kumbura, ga rami yana fitar da ruwa, har da wari.

"Me ka gani ka yi shiru haka?" Hajja ta tambaya tana murmushi. "Ko yau ka gano na fi ka kyan ƙafa?"

Zunnuraini bai iya dariya ba. Tsoro ya kama shi. In ya faɗa, ƙaryarsa ta tonu. In ya yi shiru, ƙafar Hajja fa? Ya tashi da gudu ya sami babansa yana ɗaure buhu.

"Baba, ƙarya na yi maka. Na daɗe ban duba ba. Zo ka gani."

Malam Kashim ya je ya gani. Bai daki yaron ba, bai ma yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Nemo mana adaidaita. Kuma da kai za a je."

Wannan rashin faɗan ya fi bulala zafi.

A asibitin Gaya suka tarar da wata ma'aikaciyar jinya, Sista Hanne. Ta wanke ciwon, ta daɗe tana dubawa, sannan ta dubi Malam Kashim.

"Malam, gaskiya ciwon ya ci ciki. Za mu ba ta magani, a riƙa wankewa kullum. In ya kama, alhamdulillahi. In bai kama ba, sai Kano, kuma ana iya yanke ƙafar."

Zunnuraini ya fashe da kuka.

"Ni na jawo! Amma Sista, ita ta ce ba ta jin ciwo."

Sista Hanne ta jawo shi kusa. "Gaskiya ta faɗa, ba ta ji. Cire takalminka."

Ya cire. Ta ɗan mintsine shi a babban yatsa.

"Wayyo!"

"Yawwa. Na taɓa ka can ƙasa, bakinka ya yi ihu can sama. Wa ya kai labari?"

Ya share hawaye. "Ban sani ba."

"Jijiyoyi ne. Ba na jini ba, akwai wasu na kai saƙo. An gina su da ƙwayoyi ƙanana, masu dogon jiki siriri fiye da gashi. Da na mintsine ka, sai ƙwayar da ke yatsanka ta tayar da wani ɗan lantarki. Ya bi ta jikinta da gudu ya yi sama."

"Lantarki? A jikina? Ko an ɗauke wuta?"

Sista ta yi dariya. "Ko an ɗauke. Jikinka ne yake yin abinsa, ɗan kaɗan ne. Amma ka ji wani abu. Ƙwaya ɗaya ba ta kai saƙon har ƙarshe, sai ta miƙa wa wata. Kuma ba a manne suke ba, akwai 'yar tazara a tsakani."

"To yaya saƙon zai tsallake?"

"In mamarka tana son ba maƙwabciya abu, ga katanga a tsakani, yaya take yi?"

"Ta sama take miƙa mata."

"To haka. In lantarkin ya kai ƙarshen ƙwaya, sai ta fesa wani sinadari. Sinadarin ya haye tazarar ya taɓa ta gaba. Ita ma ta tayar da nata lantarkin. A haka saƙo zai bi ta lakar baya har ƙwaƙwalwa. Ita ce za ta ce maka, 'Kai, akwai abu a ƙafa!' Duk kafin ka ƙifta ido."

Zunnuraini ya dubi kakarsa. "Na Hajja fa?"

"Suga in ya daɗe da yawa a jini, yana lalata waɗannan ƙwayoyi. Yakan fara da mafi tsawo, masu zuwa ƙafa. Ƙaya ta shiga, amma labari bai kai ba. Shi ya sa aka ce ka riƙa dubawa. Abin da jijiya ta kasa gaya mata, idonka ne zai gani."

Yaro ya sunkuyar da kai. "Ni da na zaci jarumta ce."

Hajja ta miƙo hannu ta shafa kansa. "Daina kukan haka, Maigida. Ni ma da nawa laifin. An hana ni zuwa gona, na ƙi ji."

Daga ranar Zunnuraini ya zama mai kula da ciwon nan. Da safe shi ke tuna wa Hajja magani. In an zo wanke ciwo, shi ke riƙe kwano. In ta yunƙura za ta taka, sai ya tare ta.

"Ina zuwa? Me kike so in ɗauko?"

"Oh ni Batula! Yau na haɗu da miji mai kulle."

Abokansa suka zo kiransa ƙwallo. Ya ce su sa wani a raga. Ransa yana so, har yana jiyo ihunsu daga fili, amma bai tashi ba. Kullum in aka buɗe bandeji sai ya leƙa ciwon. Wata rana ya ga kamar ramin ya ragu, wata rana kamar yana nan yadda yake. A kowace salla sai ya roƙi Allah ya bar wa Hajja ƙafarta.

Sai da aka gama kwashe gyaɗa, aka yanke dawa, sannan suka koma Gaya dubawar ƙarshe. Sista Hanne ta kwance bandeji a hankali. Zunnuraini ya zuba ido. Ta danna nan, ta danna can, ta ɗago kai.

"Malam, babu zuwa Kano. Ciwo ya rufe."

"Alhamdulillahi!" in ji Malam Kashim. Ya dafa kafaɗar ɗansa. "Ka ga dai. Zafi ba abokin gaba ba ne, gargaɗi ne Allah ya sa mana a jiki. Kuma in an ba ka amanar wanda ba zai iya kokawa ba, kada ka jira sai ya koka. Ka duba da idonka, ka faɗi gaskiya."

"Na ji, Baba. Ba zan ƙara ba."

Malam Kashim ya sunkuya zai ɗauki mahaifiyarsa zuwa adaidaita, kamar yadda ya shigo da ita ranar farko. Hajja ta ture hannunsa.

"Matsa, Kashimu. Da ƙafata zan fita."

Ta dafa kan jikanta, ta miƙe tsaye. Suka taka tare a hankali har bakin titi, ƙafafunta biyu cif a ƙasa.