Hatimi Na Huɗu

A 1991 ni ke buga wa 'yan tseren keke na dogon zango hatimi a katinsu, a shagona da ke unguwar Sabo. Tsere huɗu ake yi a shekara, kuma sai mai hatimi huɗu ke samun lambar yabo.

Daren tseren ƙarshe, ina shirin rufewa, wani ya tsaya. Ban ji ƙarar sarƙar kekensa ba. Kilomita ɗari shida ya yi, amma ba ya haki.

"Yaya, saura ɗaya," ya ce.

Ni kati nake dubawa, ba fuska ba. Katin da sanyi. Hatimi uku ne, duk na bara, da sunan ƙanena Babandi, wanda mota ta take har lahira bara a unguwar Ojoo.

Na dangwala hatimin a tawada.