Jan Yumɓu da Koren Tafki

A wani gari mai tafki ɗaya tak, can a zamanin da ya shuɗe, an yi wata maginiyar tukwane. Ta sha wuya ta tara jan yumɓu tuli guda, wanda da shi za ta yi aikin rani, gidanta ya ci abinci.

A shekarar nan ruwan sama ya wanke takin gonaki ya zuba a tafkin. Gansakuka ta samu abinci, ta rufe ruwan ruf. Kifaye suka mutu, yara suka kwanta da ciwon ciki.

Maginiya ta lura da wani abu. Ruwan tafkin ne a kwatarniyar da take jiƙa yumɓu a ciki, amma bai taɓa yin kore ba. Yumɓun ya kama takin, ya riƙe, ya hana gansakuka.

Ta daɗe tana duban tulinta, sannan ta ɗauki kwando.

Mijinta ya ce, "Wannan fa shi ne abincinmu na bana."

Ta ce, "Na sani, maigida. To in na gina tulunan, me za a zuba a ciki?"

Ta dama yumɓun ta watsa a tafkin, ta dama ta watsa, har tulin ya ƙare. Yumɓun ya kama takin, ya riƙe, ya nutse da shi ƙasa. Sannu a hankali koren ya janye.

Ranin nan ba ta gina ko kasko ba. Amma kowace safiya sai ta tarar mutanen gari sun ajiye mata tsohon tulu a ƙofarta, ginin hannunta, cike da ruwa garau.