Gashin Izga

Hannun ƙarfen ya sauko a hankali, ya tsinke gashi ɗaya daga wutsiyar godiyar, ya jefa cikin bututun gilashi. Kafin ta gama kaɗa kunne fitila ta kawo ja, ƙofar hagu ta buɗe.

Rariya mutanen Sabon Birnin Gulbi ke kiran na'urar. Shekara tara ke nan tana aiki a bakin dajin da ya kewaye birnin, inda dawakin da aka saki tun da motoci masu tuƙa kansu suka kashe kasuwar sirdi suke yawo suna hayayyafa. Jirage marasa matuƙi ke koro su. Rariya ta karanta ƙwayoyin gadon kowanne, ta gwada da ma'aunin Ɗan Gulbi, tsohon irin dokin yankin da ake tsoron ya ƙare. Wanda ya dace ya bi dama, zuwa barga mai sanyi da harawa. Saura su bi hagu, a yi musu allurar hana haihuwa, a mayar da su daji su tsufa, don kada su gurɓata irin.

Dakta Kuluwa Nomau ce ta ƙera ta, kuma ba da mugunta ba. Son dawaki ya hana ta aiki a manyan birane. Godiyar nan ita ce ta ƙarshe da ba a tace ba a dajin, shi ya sa aka ɗage allurarta sai bayan la'asar, a yi a gaban baƙin bikin kammala aikin. Cikin baƙin har da Baba Jatau, tsohon da aka ɗauko daga ƙauye domin shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi kiwon Ɗan Gulbi. Hoto kawai ake so a ɗauka da shi.

Ta zagaya da shi barga, ta nuna masa dogayen dawakinta goma sha huɗu. Ya daɗe yana kallo.

"Likita, waɗannan baƙin fa, daga ina?"

Ta yi dariya, ta ce ai 'yan gida ne. Ya ce shi dai Ɗan Gulbin da ya sani gajere ne, mummuna, kofatonsa kamar faranti saboda taɓon fadama. Don ta kwantar masa da hankali sai ta kai shi gaban akwatin gilashi, inda aka ajiye izga uku, na gashin wutsiyar doki, da tsofaffin gidajen gari suka bayar. Daga gashinsu aka fitar da ma'aunin. Jikokin gidajen sun rantse cewa na dawakin kakanninsu ne.

Tsohon ya nemi kujera ya zauna. Ya ce jikokin ba su yi ƙarya ba, a birni suka tashi, ba su sani ba ne. Mutanen gulbi ba sa yanke wutsiyar dokinsu, ko da rai ko a mace. Da ita ya yi yaƙi da ƙudan fadama tsawon ransa, da ita ake binne shi. Izga kuwa a hannun fataken arewa ake saye, don ado.

Kuluwa ta so ta yi gardama, amma sai ya kwance ƙunshin da ya kawo mata tsaraba: shimfiɗar sirdin mahaifinsa, gashin doki maƙale a saƙarta. Da hannunta ta zaro ɗaya ta ba Rariya.

Ja.

Ta gwada shi da na godiyar da ke jiran allura. Suka zo kamar uwa da 'ya.

Ba ta san lokacin da ta isa ɗakin sarrafawa ta kashe hannun allurar ba. A allon akwai jerin waɗanda suka bi hagu cikin shekara tara, fiye da dubu biyu. Na'urar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Abin da aka ce ta nema ta nema, kuma ba wanda ya tuna ya tambayi mai rai kafin a tambayi akwatin gilashi.

Ta tarar da Baba Jatau a cikin shingen hagu, ya ɗora tafinsa a kuiɓin godiyar yana mata magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, ba sauran ingarma mai haihuwa ko ɗaya a irinsu. Ni na ƙarar da su."

"To, ba da gangan ba, 'yar nan." Ya ƙara danna kuiɓin. "Wannan da damina tana cikin garke. Ko ta ɗauka, ko ba ta ɗauka ba."

Ta ce Rariya za ta iya faɗa musu yanzun nan, ɗigon jini kawai take buƙata. Ya dubi hannun ƙarfen da ke rataye a kansu, sannan ya dube ta.

"Bar ta ta huta. Wata goma sha ɗaya ne cikin doki. Samo mata dusa da kanwa, mu jira."

Baƙi sun fara cika rumfa. Kuluwa ta ratsa ta gabansu da bokiti, ta shiga bargar dama, ta ɗebo dusa daga gaban dogayen dawakin.