Tulun Turaren Sauda

A yammacin wata Alhamis, saura kwana talatin da ɗaya a ɗaura auren Rahmat, 'yar autar Alhaji Umara dillalin Kasuwar Shanu, tsakar gidansa da ke unguwar Limanti a birnin Yerwa ta cika da baƙi da fitilu da wayoyin lantarki. Baƙin nan ma'aikatan wani gidan talabijin ne, masu shirin da ake kira "Saura Kwana Arba'in", wanda a cikinsa ake bin saurayi da budurwa da kyamara tun daga sa rana har zuwa kai amarya, a nuna wa duniya zaɓen lafaya da cinikin gado da gardamar dangi. A zamanin da aka san kunya, irin waɗannan al'amura ko maƙwabci ba ya jin su sai an aika masa da goro. Amma Rahmat da angonta Mika'il da kansu suka nemi shiga, aka kuwa zaɓe su, mahaifiyarta Ya Fanna ta yi murnar da ba a ga ta yi ba tun ranar da ta dawo daga Makka.

Shugabar ma'aikatan, Dorothy, mutuniyar Biu ce, mai ladabi da saurin magana. Ta ce a ranar tana so a ɗauki turara amarya, domin abin da masu kallo na Kano da Kaduna ke jira daga Barno ke nan.

A nan wajibi ne a san wata al'ada ta gidan. Marigayiya Kaka, mahaifiyar Alhaji Umara, haɗa turaren wuta ce sana'arta. Idan jikarta mace ta cika shekara goma sha biyu, sai ta haɗa mata nata na musamman, da hawi da sandal da farcen turare da miski, ta zuba a ƙaramin tulu, ta liƙe bakinsa da yumɓu, ta ambaci sunan yarinyar a kansa, ta ajiye a ƙuryar ɗakinta. Ba a fasa shi sai auren mai shi. Ta haɗa wa Sauda, babbar 'yar gidan, amma ta rasu kafin Rahmat ta kai. Saboda haka tulu ɗaya tak ne a ɗakin, shekararsa ashirin a liƙe. Sauda kuwa ta kai talatin da biyu, tana koyarwa a makarantar firamare, manema biyu sun zo sun wuce.

Wannan tulun Ya Fanna ta buɗe ɗakin Kaka ta ɗauko.

Sauda ta ce, da muryar da ba ta wuce su biyu ba, "Ya, wannan ai nawa ne."

"Na sani. Kaɗan za a ɗiba. In naki lokacin ya zo sai a haɗa miki wani."

"Wa zai haɗa?"

Ya Fanna ta ajiye tulun a ƙasa. Ta sa bakin wuƙa ta ɓalle yumɓun.

Duk mai ilmi ya san cewa talabijin ba ta ɗaukar ƙamshi. Da an sayo turaren kasuwa an zuba, hayaƙinsa ba zai bambanta da na Kaka a idon mai kallo ba. Sai dai Ya Fanna tana so ta tsaya gaban kyamara ta ce turaren 'yarta shekararsa ashirin, matan unguwar Mafoni da na Gwange su ji.

Aka zaunar da Rahmat a kan kujera cikin lafaya ruwan zuma, aka haske ta da fitilu uku. Mai ɗaukar hoton, Wilson, ya ce yana bukatar wadda za ta riƙe kasko. Ya dubi Sauda ya ce, "Anti, taimaka mana. Hannunki kawai muke so, ki ɗan ja fuskarki baya."

Sauda ta riƙe kaskon, ta ja fuskarta baya.

Rana ta yi ja a bayan itatuwan dogon yaro. Alhaji Umara, yana ɗaure da alwala, ya ce a dakata, magariba ta kawo jiki, ba lokacin tara 'yan mata a tsakar gida ba ne. Dorothy ta roƙi minti biyar, ta ce hasken wannan lokaci ba a samun irinsa. Ya Fanna ta zuba turaren a garwashi, cikin sauri ko bisimilla ba ta yi ba, ƙofar ɗakin Kaka kuma tana buɗe a bayansu. Ƙamshi ya tashi, mai nauyi, irin wanda tsofaffin unguwa suka daɗe ba su ji ba. Ladan ya ɗaga murya. A tsakanin kabbara ta farko da ta biyu, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Aka ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro ya tsaya a gaban kujerar amarya. Wilson ya ɗauka, ya yi saurin yar da shi. Dutsen sumul ne, da ɗumi kamar an ciro shi daga toka, yana ƙamshin hawi. Ƙasar Yerwa kuwa rairayi ce, mutum zai yi tafiyar yini bai tsinci irinsa ba.

Tun daga ranar, duk magariba sai an yi jifa, dutse uku ko biyar, sannan shiru. Aka kulle ɗakin Kaka da kwaɗo. A rana ta huɗu aka fara jin guɗa daga cikinsa, ƙasa-ƙasa, a hankali, irin guɗar wadda aka tilasta wa. Gidan da ya saba da hayaniyar maɗinka da masu lalle ya koma magana da raɗa, da an idar da la'asar kowa ya nemi ɗaki.

A Alhamis ta biyu ma'aikatan suka dawo ɗaukar gwajin kayan amarya. Rahmat tana tsaye gaban madubi tana dariya, sai dariyar ta yanke. Ta faɗi. Da ta tashi zaune, idonta ba ya ƙiftawa, muryar da ta fito daga bakinta kuwa ta wata tsohuwar mace ce.

"Ku cire mata. Bai dace da ita ba."

Ta kama lafayar ta keta ta gida biyu. Dorothy, a faɗi gaskiya, ta nuna tarbiyya: ta sa hannu ta rufe idon kyamara, ta ce wa Alhaji Umara wannan ba za a nuna shi ba.

Amma abin da kyamara ba ta nuna ba, baki ya kai shi. Kwana tara Rahmat tana lafiya da rana, da magariba ta koma wata. In an ambaci sunan Mika'il sai ta juya fuska ga bango ta yi guɗar nan. Dangin ango suka aiko baffansa da magana mai laushi, wadda ma'anarta ba ta da laushi: idan Juma'a ta zagayo yarinya ba ta warke ba, za a ɗage aure, ba tare da sa wata rana ba.

Sauda ce mai jinyar ƙanwarta, ita ke ba ta kunu, ita ke riƙe ta in abin ya taso. Sai dai ta lura da wani abu game da kanta wanda ba ta gaya wa kowa ba. Tun da aka kashe fitilun nan, aka daina kiran Rahmat amarya, abinci ya fara yi mata daɗi.

Ran Asabar bayan la'asar Alhaji Umara ya ɗauko Goni Hashim daga Mafoni a keke mai ƙafa uku. Dattijo ne siriri, mahaddaci, ba ya ɗaga murya. Ya ce a fitar da duk wata na'ura daga gidan, a kira iyaye da yayar yarinya kaɗai. Ya zauna a kan buzu, ya fara karatu, bai tsaya ba har inuwa ta cinye tsakar gida. Jikin Rahmat ya ɗauki rawa, sannan ya tsaya cak.

Goni ya ce, "Wane ne kai?"

"Mace ce ni. Sunana ba zai amfane ka ba."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ba yau na zo ba. Shekara ashirin ina ɗakin tsohuwa, a gindin tulu. Ɗan ƙamshin da ke fita ta tsagar yumɓu ya ishe ni, ban taɓa kowa ba. Sai suka fasa shi, suka ƙona wa wannan, suka haske ta da fitilu duniya tana kallo."

"Turaren ba naki ba ne."

"Ba nata ba ne ita ma. Mu biyu ne masu zuwa wurin tulun, ni da mai shi. Duk Alhamis takan shigo ta durƙusa, ta shinshina murfin, ta share ƙurar, ta fita. Tambaye ta abin da ta faɗa a ranta sa'ad da take riƙe da kasko. Ta nan na samu ƙofa."

Goni ya ce, "Ba na karɓar shaidar irinku, ƙarya ta yi muku yawa."

Sai Sauda ta yi magana, kanta a sunkuye.

"Wannan karon ba ta yi ƙarya ba, Goni. Cewa na yi da ma hayaƙin ya shaƙe ta, kowa ya huta da kallonta."

Ya Fanna ta dafe baki. Alhaji Umara ya dubi ƙasa.

Goni bai juya ba. Ya ce wa aljanar, "Za ki fita."

"Zan fita in an fasa auren."

Ya ci gaba da karatu, har ta yi ƙara ta ce ya dakata.

"To a ba ni sauran tulun."

"Ko ƙwaya ɗaya. Ba ma biyan ku fansa, kuma ba kayana ba ne balle in bayar."

Sai fuskar Rahmat ta juya a hankali ta fuskanci Sauda, muryar ta yi taushi kamar ta ƙawa.

"'Yar'uwa, ke ce mai hakki a nan. Kada ki ce komai, shiru kawai za ki yi. Ki bar ni a jikinta zuwa Juma'a. Kwana shida ne. Daga nan babu fitila, babu amarya, ku koma daidai ke da ita. Ai na ga yadda kike cin abinci."

Ladan ya fara kiran magariba. Dutse ya faɗo a kan rufi, wani ya biyo shi. Goni ya rufe bakinsa da gangan, yana jan carbi. Sauda ta daɗe ba ta ce komai ba, ta daɗe fiye da yadda iyayenta za su so a riƙa tunawa.

Daga bisani ta ce, "Ina kishinta, gaskiya ne. Tun ranar da aka kawo kayan sa rana nake kishinta, yanzu ma ina yi. Amma kishin nawa ne, ban aike ki ba. Ni na goya yarinyar nan, ni na koya mata ɗaura ɗankwali. Abin da aka ƙona na yafe mata. Ki fita daga jikin ƙanwata."

Muryar ta yi wani dogon nishi. Ta nemi a buɗe mata ƙofar gida, kada kowa ya waiwaya. Goni ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse. Alhaji Umara ya je ya buɗe ƙofa. Rahmat ta yi atishawa sau uku, ta kwanta, wani ƙamshi ya ratsa ɗakin ya bi ta zaure ya fita. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Yaya, me ya sa kike kuka?"

Bayan an yi salla, Ya Fanna ta share hawaye ta ce, "Alhamdu lillahi. Sauran turaren kuma, tun da an riga an fasa, ranar kai amarya sai a..."

"Sauran nawa ne, Ya."

Goni yana sa takalmi, ya ce, "Hajiya, ki ji maganar yarinyar nan. Wadda ta fita ɗazu baƙuwa ce. Wannan kuwa 'yar gida ce, ita ya kamata ki nemi gafararta." Sauda ta ɗauki tulun ta kai ɗakinta.

An ɗaura aure a ranar da aka sa, aka turara amarya da turaren kasuwa, cikin masu kallo babu wanda ya gane. Da aka nuna kashin shirin da aka ɗauka a wancan yammaci, dangi suka taru a falon Alhaji Umara. Rahmat ta fito a talabijin cikin hayaƙi da hasken magariba, kyakkyawa ƙwarai, mata suka yi guɗa. A ƙasan hoton akwai hannuwa biyu riƙe da kasko, na daƙiƙa bakwai, yatsun sun damƙe shi har jijiyoyi sun fito.

Wayar Sauda ta yi ƙara. Rahmat ce, daga gidan mijinta.

"Yaya, kin gani? Wallahi hannunki ya fi fuskata kyau."

"Ƙarya kike yi, amarya."

"To kaɗan."

Suka yi dariya, ko da yake ta Sauda ta riga ƙarewa. Ta bar su a falo suna jiran a maimaita shirin, ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta hura garwashi, ta yi bisimilla, ta ɗebo turaren Kaka da yatsu uku ta zuba. Sannan ta yafa lafayar da take zuwa makaranta da ita, ta tsaya a kan kaskon, har hayaƙin ya ƙare.