Na Bayan Ƙofa

Ranar da Imoro ya fara ganin Barikisu, da za a bi ta tasa da an fitar da ita daga filin. Wata Asabar ce a 1986, bayan la'asar, a farfajiyar wata firamare a unguwar Maamobi da ke Accra. Ƙungiyar samarinsu na nuna gajeren wasan da ya rubuta a kan abokai biyu. An zo daidai inda ya kamata jama'a su yi hawaye, sai wata a benci na biyu ta kece da dariya.

Ana tashi ya nufe ta, fuska a murtuke, ya tambaye ta abin dariya a ciki.

Ta ce, "Jarumin naku ya ce, 'Uwata ya mutu.' Uwa ce ko uba? Ku tsai da magana ɗaya mu san wanda za mu yi wa kuka."

To, a Nima da Maamobi wa ya damu da wannan? Hausar Zango ba ruwanta: namiji "ya", mace ma "ya", kowa yana gane kowa. Amma Barikisu 'yar Malam Mumuni ce, wanda ubansa ya zo daga Kano da fataucin goro. A gidansu in ka ce wa mace "ya" sai ka sha ranƙwashi. Sunanta ma Malam bai yarda da na unguwa ba, Bilkisu yake cewa.

Imoro ya ce, "Nan Accra ne. In Hausarmu bai yi maka ba, ga hanya."

"'Miki' ake cewa," in ji ta, ta gyara mayafi ta wuce.

Kwana bakwai yana cika yana batsewa a shagonsa na kafinta a Kotobabi. Ƙusa ma sai da ta ji a jikinta. A na takwas ya ɗauki sabon wasa ya kai makarantar da take koyarwa, ya dangwarar mata a tebur da 'yar takarda a sama:

"Malama Jan Biro, tunda kin fi kowa, gyara mu gani. Na rubuta 'kin' don kada ki suma. Imoro."

Bayan kwana biyu wasan ya dawo jajawur.

"Kafinta, kuskure arba'in da uku. Amma wurin da ƙanin ya cire takalminsa ya ba yayansa ya sa ni kuka, kuma ban yafe maka ba. Barikisu."

Haka aka fara. Ya rubuta, ta kece, ya zo faɗa, su rabu kowa na huci, gobe ya sake dawowa. Duk wanda ya gan su a bakin titi suna musu zai ce yau sai an raba, alhali shi ya riga ya mutu a kanta, ita ma in kwana biyu suka wuce bai kawo takarda ba sai ɗalibanta su ɗanɗana kuɗarsu. Wata rana a tasha, suna jiran motar Nima, ya ce mata shi fa ya gaji da gyaran wata-wata, so yake a riƙa gyara shi kullum har ya mutu. Ta ce wannan ce jimla ta farko da ya yi babu kuskure.

Da maganar ta je gaban Malam Mumuni, sai ya ce atafau. Ba zai ba da 'yarsa ga mai tara ƙartai yana ɗaura musu zane suna rangwaɗa a gaban jama'a ba. Ga Gafaru, tsohon ɗalibinsa, akawu a Adabraka, shekara biyu yana zarya. Barikisu kuwa ko muryar Gafaru ba ta son ji.

Abin da ba ta sani ba shi ne, a can gidan su Imoro ma wuta ce ke ci. Uwarsa, Mma Fusena, mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, ta ce sai bayan ranta. Ba za ta kawo suruka mai gyara mata magana a cikin gidanta ba. Imoro ya ji kunyar gaya wa Barikisu haka. Ya zauna ya zuba takaicinsa a sabon wasa, na wani saurayi da ke durƙushe a bakin ƙofa yana roƙo, na ciki ya ƙi buɗewa, ba a ganin ko wane ne sai a ƙarshe. Wannan karon bai kai mata gyara ba.

Gafaru ya leƙa wurin gwaji, ya kalla tsaf, ya je ya gaya wa Malam cewa shi Malam ɗin aka sa a wasa.

Ranar nuni Malam ya zo da kansa, ya zauna a gaba, Barikisu na bayansa. 'Yan wasa suka fara: "Ya ƙi. Ya kulle ƙofa. Ya ce sai bayan ransa. Kai, wannan tsoho da taurin kai yake." Jama'a na dariya, wasu na satar kallon rawaninsa. Ba a kai rabi ba Malam ya miƙe, ya nuna Imoro da sanda, ya ce in dai shi ya haifi Bilkisu, wannan mara kunya ba zai taɓa taka ƙofar gidansa ba. Ya tasa ta a gaba suka fita.

Washegari takarda ta zo shago.

"Imoro, ka tara Maamobi ka tozarta ubana, shi ya sa ka ɓoye mini wasan. Na so ka, kuma ina jin haushin kaina. Kada ka sake rubuto mini."

Ya rubuta sau uku, duka suka dawo ba a buɗe ba. Kafin mako ya zagayo aka fara cewa an kusa sa ranar Gafaru.

Ita kuwa Mma Fusena ta zauna har ƙarshen wasan. Da idonta ta ga ƙofa ta buɗe, wani ƙato ya fito da zanenta na zuwa kasuwa, da kwandon albasa, har da ɗingishinta. Kwana uku ba ta amsa gaisuwar ɗanta ba. Amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta ji matan kasuwa na cewa ai da Malam aka yi. Da hantsi ta ɗaura ɗamara ta hau mota sai Nima.

Ta sami Malam a zauren gidansa. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Malam, na zo karɓan zagina. Ni aka zaga, kai ka ɗauka ka kawo gida."

Ya ce, "Baiwar Allah, 'ya ƙi' aka ce. Da kunnena na ji."

"To ni ne ya ƙi."

Malam ya ce, "Me kika ƙi?"

"Ɗiyarka."

Ai kuwa sai zaure ya ɗauka. Malam ya ce me Bilkisu ta rasa da har mai albasa za ta ƙi ta? Ta sauke Alƙur'ani, ta yi boko, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli babba ba. Mma Fusena ta ce shi kuma ɗanta me ya rasa? Bencin da ɗaliban Malam ke zaune a kai ma wa ya ƙera? Suka yi ta yi, kowa ya ƙi yarda nasa ne abin ƙi, Barikisu na tsaye a bayan labule ta toshe baki da mayafi.

Da suka gaji, Malam ya tambayi Mma Fusena a daƙile yadda wasan ya ƙare. Ta ce ba za ta iya faɗa ba, ya sa su zo su yi masa.

Bayan la'asar aka yi shi a tsakar gidan Malam, daga inda ya tashi ya fita ranar nuni. Ƙofa ta buɗe, tsohuwar ta fito, ta ce wa saurayin ita ba ƙin yarinyar take ba. Shi kaɗai ya rage mata cikin biyar da ta haifa, tsoro take ji a tafi da shi gidan masu ilimi ya dawo yana jin kunyarta. Mma Fusena ta juya wa jama'a baya. Malam ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce Hausar dai ba ta da kai, amma wanda ya iya karanta zuciyar uwarsa haka ba zai wulaƙanta mace ba. Ya waiwaya ya tambayi Gafaru ko ya ga ƙarshen nan a wurin gwaji. Gafaru ya sunkuyar da kai. Malam ya nuna masa ƙofa.

A bakin rijiya Barikisu ta tare Imoro, ido jajawur, ta ce me ya hana shi gaya mata.

"Ban so ki ji akwai wanda zai iya ƙin ki ba, Malamata."

Ta ce, "Wawan kafinta. Saura kaɗan ka sa ni a hannun Gafaru." Ta faɗa tana kuka tana dariya.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Nima. Da aka kai amarya Kotobabi, Mma Fusena ta kore matan da ke ɗakin, ta zauna a bakin gado, ta roƙi abu guda: a bar mata ɗanta ya riƙa zuwa gaishe ta da safe, sauran yinin na amarya ne.

Barikisu ta kama hannunta mai ƙanshin albasa ta ce, "Mu biyu za mu riƙa zuwa, Mma."

Tsohuwar ta miƙe da sauri ta fita tana faɗan an bar shinkafa za ta ƙone. Daga tsakar gida aka jiyo muryarta tana cewa Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin ƙansu. Gida duka ya amsa da amin.